Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Willa Cather da Wasiƙun da Ta Hana a Buga

A 1943 wata dattijuwa a birnin New York, tana dab da cika shekara 70, ta sa aka rubuta mata wasiyya. Bayan rabon kuɗi da kaya, sai ta kafa sharuɗɗa biyu. Na farko, kada a mayar da wani littafinta fim ko wasan kwaikwayo ko shirin rediyo. Na biyu, kada a buga wasiƙun da ta rubuta wa mutane, ko duka ko wani yanki nasu. Sunanta Willa Cather, kuma a lokacin da wuya a sami mai karanta ƙagaggun labarai a Amurka da bai san ta ba. Ta rasu ranar 24 ga Afrilu, 1947. Shekara 66 bayan haka, a 2013, kamfanin Knopf, wanda shi ne ke buga mata littattafai tun tana raye, ya fito da kundi mai ɗauke da wasiƙunta 566. Editocin biyu, Andrew Jewell da Janis Stout, ba su yi wani kwana-kwana ba, a gabatarwa suka amsa da bakinsu cewa sun saɓa wa wasiyyar matar.

Duk wanda ya tashi inda wasiyyar mamaci take da nauyi, jin wannan zai sosa masa rai. Mace ta ce a rufe mata asiri, ta mutu ta bar amana, an zo an bankaɗa. Ni ma da farko a nan na tsaya. Sai da na bi labarin tun daga tushe na ga zaren ya fi haka sarƙewa, don kuwa an daɗe da karya wasiyyar kafin 2013, kuma ta hanyar da ta fi bugawar muni.

An haife ta ranar 7 ga Disamba, 1873, a wani ƙauye kusa da Winchester a jihar Virginia, ƙasa mai tuddai da itatuwa. Tana shekara 9, a 1883, iyayenta suka kwashe su zuwa Nebraska, fili fetal, ciyawa iya ganinka. Dokar rabon filaye ta 1862 ta yi wa duk wanda ya zauna ya noma alkawarin eka 160, a ƙasar da ba a jima da raba ƙabilun asali irin su Pawnee da ita ba. Wannan alkawari ya kwaso talakawan Turai daga Bohemiya da Suwidin da Norwe, mutanen da da yawansu ba su jin Ingilishi, suna kwana a ɗakunan da aka gina da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa. A garin Red Cloud yarinyar ta girma cikinsu tana sauraron hirar matansu. Ta gama Jami'ar Nebraska a 1895, ta tafi Pittsburgh aikin jarida da koyarwa, a 1906 kuma ta koma New York wajen mujallar McClure's, har ta kai ga riƙe ragamar editocinta.

Abin da ya fitar da ita daga wannan ofis, wasiƙa ce. A Disambar 1908 Sarah Orne Jewett, marubuciya daga jihar Maine wadda ta girme ta da shekara 24, ta rubuta mata doguwar takarda tana yi mata faɗa irin na babbar ya. Ta nuna mata cewa aikin ofis yana cinye mata ƙarfi, kuma in ba ta nemi natsuwa ta koma ga ƙasar da ta sani ba, rubutunta ba zai taɓa nuna ba. Jewett ta rasu a 1909. Cather ta bar mujallar a 1912, a 1913 ta fito da O Pioneers!, labarin manoman Nebraska, ta sadaukar da shi ga Jewett. My Ántonia ya biyo baya a 1918, lambar yabo ta Pulitzer a 1923. To ta yaya muka san abin da Jewett ta rubuta mata? Ai saboda a 1911 aminiyar Jewett, Annie Fields, ta buga wasiƙun marigayiyar, har da waɗanda ta aika wa Cather. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Me ya sa ta hana? Dalilin hana fim a fili yake. A 1934 aka mayar da littafinta A Lost Lady fim, Barbara Stanwyck ta fito a ciki, aka jagwalgwala labarin har ba ya kama da na asali. Batun wasiƙu ne ya fi wuyar warwara. Cather mace ce mai tsananin iko da duk abin da zai fita da sunanta. Ta yi ta ja-in-ja da kamfanin Houghton Mifflin kan zanen da za a sa a My Ántonia da irin takardar da za a buga shi, ta daɗe tana ƙin a yi wa littattafanta bugun araha ko a mayar da su na dole a makaranta, don kada yara su tsane su. Mai irin wannan hali ba za ta so a ajiye takardar da ta rubuta a gaggauce, kai na ciwo, kusa da shafin da ta kwashe wata guda tana gogewa ba. Ga kuma zamanin da ta rubuta wasiyyar. Tun 1933 wani mai sharhi, Granville Hicks, ya yi mata kaca-kaca, yana cewa ta gudu ta ɓuya cikin tarihin da ya wuce alhali ma'aikata na fama da yunwa. A 1938 ƙanenta Douglass ya rasu, bayan 'yan watanni Isabelle McClung, aminiyarta tun zaman Pittsburgh, ta bi shi. Mijin Isabelle, Jan Hambourg, makaɗin gogen Turawa, ya mayar wa Cather wasiƙun da ta yi shekaru kusan 40 tana aika wa matarsa. Cather ta sa aka ƙone su. Abin da ya tsira na abin da ta rubuta wa Isabelle bai wuce 'yan katunan gaisuwa ba.

Ba ita ta fara ba. Marubuci Charles Dickens ya tara wasiƙu ya cinna musu wuta a 1860, Henry James ma ya yi haka a 1909. Amma wuta ba ta kai wa ga abin da ke cikin akwatin wani. A nan ne doka ta raba abu biyu da mutane kan haɗa. Takardar da ka aika wa mutum ta zama tasa, in ya ga dama ya ajiye, ya sayar, ko ya kai ɗakin karatu na jami'a. Kalmomin da ke kanta kuwa naka ne, daga baya na magadanka, ba mai buga su sai da izini. Shi ya sa wasiƙun Cather kimanin 3,000 suka tsira, suna warwatse a ɗakunan ajiyar takardu da dama. Kowane manazarci na iya zuwa ya zauna ya karanta su. Abin da ba zai iya ba shi ne ya kwafo jimla ya sa a littafinsa.

Edith Lewis, wadda ta zauna gida ɗaya da Cather daga 1908 har rasuwarta, ita ce wasiyyiya ta farko, kuma ta tsare ƙofa har ta rasu a 1972. Daga baya Charles Cather, ɗan ƙanen marubuciyar, ya riƙe har 2011. Duk tsawon wannan lokaci masu rubuta tarihin rayuwarta sun sami wata kafa: su karanta wasiƙa, su faɗi abin da ke ciki da nasu kalmomin. Har a 2002 Janis Stout ta fitar da littafi sukutum wanda ba komai a cikinsa sai taƙaitaccen bayanin wasiƙu fiye da 1,800, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da jimla ɗaya ta Cather ba. Wato asirin da ake cewa an rufe, a buɗe yake. Abin da aka hana mutane kawai shi ne muryar mai asirin. An gudu ba a tsira ba.

Kowa ya taɓa aiken yaro da saƙon baka ya san yadda magana ke sauya kama a hanya. Ga misalin da ya fi shahara. A 1892, tana shekara 18 tana ɗaliba a Lincoln, garin da Jami'ar Nebraska take, Cather ta rubuta wa wata ɗaliba mai suna Louise Pound wasiƙa mai zafin shaƙuwa. A ciki akwai jimla guda kan yadda ake kallon ƙawancen mata a matsayin abin da ya saɓa wa ɗabi'a. A 1987 Sharon O'Brien ta fitar da tarihin ƙuruciyar Cather, ta jingina da wannan wasiƙa wajen kafa hujjar cewa Cather mata take so, kuma ta san haka game da kanta. Daga baya Joan Acocella, a mujallar New Yorker a 1995 da kuma littafinta na 2000, ta yi jayayya da yadda aka juya jimlar. A ganinta Cather ƙorafi take yi cewa wannan kallo rashin adalci ne, ba ikirari take yi ba. Shekaru aka kwashe ana kai ruwa rana kan jimla ɗaya, mai karatu kuma ba shi da ikon ganin jimlar da idonsa ya yanke hukunci. Tabbatattun abubuwa dai ba su sauya ba: tana budurwa ta aske gashinta, ta sa kayan maza, ta riƙa sa hannu da sunan William, ba ta taɓa aure ba, kuma mutanen da ta fi shaƙuwa da su a rayuwa mata ne. Sunan da za a ba wannan shi ne abin gardamar, kuma haramcin ya ƙara wa wutar fetur ne kawai. Da zarar an ce kada a buɗe ɗaki, kowa sai ya zana abin da yake zaton yana ciki. Haka hoton wata mata mai ɗaci, mai gudun mutane, mai ɓoye wani abu, ya kafu a zukatan masu karatu.

Ba a Cather kaɗai wannan kafa ta tsaya ba. A 1986 marubuci J. D. Salinger ya kai ƙarar kamfanin Random House don hana Ian Hamilton, mai rubuta tarihin rayuwarsa, amfani da wasiƙunsa, a 1987 kuma kotu ta ce ko juya maganar da wasu kalmomi, in ya yi kusa da asali sosai, keta haƙƙi ne. Ma'ana, doka na tura manazarci ya nisanci ainihin kalmomin marubuci. Gwargwadon nisansa da gaskiyar lafazin, gwargwadon tsirarsa daga ƙara.

Yanzu ga inda ni abin ya fi ɗaure mini kai. Willa Cather da kanta da wasiƙun matattu ta gina wasu daga cikin manyan littattafanta. Ɗan baffanta, Laftanar G. P. Cather, ya mutu a fagen daga a Cantigny ta Faransa ranar 28 ga Mayu, 1918. Da ta je Nebraska, mahaifiyarsa ta ba ta wasiƙun da ya riƙa aikowa gida, ta karanta. Daga nan One of Ours ya samo asali, littafin da ya ci mata Pulitzer, kuma jarumin littafin saurayi ne da noma da aurensa suka gundure shi har yaƙi ya zame masa mafita. Matar mamacin da danginsa suna raye lokacin da aka buga shi. Babin annobar mura a jirgin ruwan sojoji kuwa daga littafin ajiyar sirri na wani likita a garin Jaffrey na jihar New Hampshire ta samo shi, aro ta karɓa. A 1925 kuma, a Santa Fe ta jihar New Mexico, ta ci karo da tarihin wani limamin Katolika Bafaranshe, Joseph Machebeuf, wanda William Howlett ya rubuta, cike da wasiƙun da limamin ya riƙa aika wa 'yar'uwarsa a Faransa. Ita da kanta ta bayyana a 1927 cewa daga waɗannan wasiƙu ta gane yadda rayuwar yau da kullum take a New Mexico ta wancan zamani, kuma daga nan Death Comes for the Archbishop ya fito. Sai a haɗa da wasiƙar Jewett da aka buga a 1911. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ba na kawo wannan don in ce munafuka ce ba. Akasin haka nake gani. Wanda ya san yadda ake tatsar rai daga tsohuwar takarda, shi ya fi kowa sanin abin da za a iya yi da tasa. Ta san wasiƙa ba ta da kariya a hannun mai basira, balle a hannun maras ita. Kuma ta san irin abin da marubuta ke faɗa a bayan idon juna. A 1923 marubuci Ernest Hemingway ya rubuta wa mai sharhi Edmund Wilson yana yi wa One of Ours ba'a, yana cewa fagen yaƙin daga fim ta kwaso shi. Gulma ce tsakanin mutum biyu, amma da aka buga ta sai ta manne wa littafin har yau, kusan duk mai sharhi sai ya ambata. Abin da take tsoro ke nan, kuma tsoron yana da tushe.

To da aka buɗe akwatin, me aka tarar? Masu jiran abin kunya sun koma hannu rabbana. Matar da ke cikin wasiƙun mai barkwanci ce, mai saurin fushi da saurin huce, mai son abinci mai kyau da kiɗa, mai alfahari da aikinta ba tare da kunya ba. Tana rubuta wa ƙanenta Roscoe abin da ba ta faɗa wa kowa game da shakkunta. Tana lissafin kuɗi da masu buga littafi kamar 'yar kasuwa. Akwai rigimarta da ƙawarta marubuciya Dorothy Canfield, wadda ta faro a kan wani gajeren labari da Cather ta gina kan tabon fuskar wata ƙawar Dorothy, rigimar da ta raba su shekaru kafin su shirya. Wannan ma wata shaida ce cewa ta iya ɗaukar abin wani ta sa a labari. Akwai amsar da ta ba marubuci F. Scott Fitzgerald a 1925, lokacin da ya rubuto yana fargabar kada a ce ya saci wani siffantawa daga A Lost Lady ya sa a The Great Gatsby, ta kwantar masa da hankali cikin mutunci. Akwai shaƙuwarta da yaran gidan Menuhin, su Yehudi makaɗin gogen Turawa, tana karanta musu Shakespeare. Akwai kuma, ba za a ɓoye ba, kalaman raini ga wasu jinsunan mutane irin waɗanda fararen Amurka na zamaninta ke furtawa ba tare da sun ji komai ba.

Ɓangaren da ya fi taɓa ni shi ne na shekarun 1930, lokacin fari da karyewar tattalin arziki. Daidai lokacin da masu sharhi a New York ke zargin ta da juya wa talaka baya, tana aika kuɗi da kaya ga tsofaffin ƙawayenta matan manoma a Nebraska don kada gonakinsu su salwanta. Cikinsu har da Annie Pavelka, 'yar Bohemiyar da ta zama Ántonia a littafi. Ba ta taɓa kawo wannan don kare kanta ba. Wasiyyarta ce ma ta binne hujjar da za ta wanke ta.

Duk da haka ban yarda da kowace hujja ta masu bugawa ba. An ce wai yanzu Cather ta zama ta kowa, tarihi ya mallake ta. Wannan magana ba ta cika mini ciki ba. Littattafanta ta ba duniya da hannunta, ta karɓi kuɗinsu. Takardar da ta rubuta wa ƙanenta ranar da take cikin makoki ba ta sayar wa kowa ba, kuma shahara ba ta mayar da mutum gonar gandu. An ce kuma duk waɗanda abin zai ɓata wa rai sun mutu. Gaskiya ne, sai dai wasiyya ai dama don bayan mutuwa ake yin ta. In mutuwa ce ke warware ta, to ba ta da amfani tun farko. Hujja ɗaya ce na ga ta tsaya da ƙafarta: zaɓin da ke gaban masu riƙon amanar a 2011 ba tsakanin rufewa da buɗewa yake ba. Wasiƙun suna hannun jama'a, ana ta ba da labarinsu. Zaɓin shi ne, a ji su da muryarta ko a ci gaba da jin su da muryar wasu. Ga shi kuma lokaci ya ƙure. A dokar Amurka, rubutun da ba a buga ba yana fita daga haƙƙin mallaka shekara 70 bayan mutuwar mai shi, wato daga farkon 2018 kowa na iya buga su yadda ya ga dama. Bayan rasuwar Charles Cather, amanar ta koma hannun wata hukumar amintattu mai alaƙa da Gidauniyar Willa Cather ta Red Cloud da gidauniyar Jami'ar Nebraska, su ne suka ɗage haramcin. Daga 2018 jami'ar ta fara sa cikakkun wasiƙun a intanet kyauta.

Akwai wani abu kuma da ya rage mini nauyin zuciya, ko da yake bai wanke kowa ba. Cather ba sakarya ba ce. Abin da take son ya ɓace da gaske ba ta bar shi ga lauya ba, ashana ta sa masa. Edith Lewis ma ta lalata mafi yawan littafin ƙarshe da Cather ta bari ba ta gama ba, labarin da ta kafa a birnin Avignon na Faransa, sai 'yan shafuka aka tsinta cikin takardun Charles a 2011. Abin da muke karantawa yau saura ne, abin da ya fi ƙarfin hannunta ko wanda ba ta damu ta bi sawunsa ba. Shi ya sa duk mai son gina cikakkiyar Cather daga wasiƙu 3,000 ya kamata ya tuna cewa mutum biyun da ta fi kusa da su, Isabelle da Edith, kusan ba su cikin kundin.

Edith ce ta fi shan wahalar wannan giɓi. Shekaru da dama masu tarihi suna ɗaukar ta kamar sakatariya ko mai tsaron gida. Sai da Melissa Homestead ta bi takardun da aka buga da tafireta, a binciken da ta fitar a 2021, ta nuna gyare-gyaren Edith da rubutun hannunta a kan shafukan littattafan Cather. Ashe ƙwararriyar edita ce, mai rubuta tallace-tallace a kamfanin J. Walter Thompson, mai albashinta, kuma tare suka gina ɗan gidansu na hutu a tsibirin Grand Manan na Kanada.

Daga zaman shekara 39, cikakkiyar wasiƙa ɗaya tak aka sani da Cather ta rubuta wa Edith. Daga Jaffrey ta jihar New Hampshire ta aiko ta, a Oktoban 1936. Ta ba ta labarin yadda ta zauna da magariba tana kallon taurari biyu, Mushtari da Zara, bayan rana ta faɗa bayan tudu, tana cewa ba ta yarda wannan kyau lissafi ne kawai da matsanancin zafi ba. Sai kuma ta sanar da ita cewa tufafin da ta shirya mata a akwati sun iso lafiya, ko ɗaya bai yamutse ba. A wannan gari aka binne Cather, Edith kuma a gefenta bayan shekara 25. A kan dutsen kabarin an rubuta cewa an haife ta a 1876. Ta daɗe da zaftare wa kanta shekara uku, mai sassaƙa dutsen kuma ya rubuta abin da aka ba shi.